Hawainiya da Ruwan Shuka

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, muna saurare.

A garin dabbobi, ba mai shuka sai Kunkuru ya ce a shuka. In ruwa ya sauka, sai ya tona ƙasa. In danshi ya kai taƙi guda, ya ce, "Ya kai." In bai kai ba, ya ce, "Bai kai ba." Iyakar aikinsa ke nan. Amma da kaka, damin farko na kowace gona nasa ne.

Abin nan yana cin Hawainiya a rai. Ta ga dami ya wuce, ta yi kore. Ta ji ana "Baba Kunkuru", ta yi baƙi ƙirin. Hassada dai, 'ya'yana, har barci ta hana ta.

Rannan aka yi ruwan farko, ɗan kaɗan. Kunkuru ya tona, ya ce, "Bai kai ba."

Hawainiya ta je wa Kwaɗo. "Kai a wurinka ƙasar nan ta jiƙe?"

Ya ce, "Ina! Ƙamas take."

Ta je wa Ƙadangare. "Kai fa?"

Ya ce, "Sharkaf! Har sanyi nake ji."

Ta kwashe su sai gaban Sarki Zaki. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ya ce bushe, wannan ya ce jiƙe. Wa ya yi ƙarya? Dube ni ma. A ganye kore ce ni, a ƙasa ja. Wanne ne launina? Gaskiya ba ɗaya ba ce, kowa da tasa. Ta Kunkuru ta fi ta wa, da zai riƙa cinye mana dami?"

Maganar ta yi wa Zaki daɗi, don shi ma damin yana tsone masa ido. Ya ce kowa ya bi gaskiyarsa.

Gari ya ɗauki sungumi. Zomo ya shuka. Barewa ta shuka. Kowa ya juye irinsa kaf a ƙasa. Kunkuru yana bi yana cewa, "Jama'a, bai kai ba." Ana yi masa dariya.

Kwana uku, gero ya tsiro. Kwana bakwai, rana ta ƙone shi ƙurmus. Ga damina a gaba, ba iri ko ƙwaya. Gari ya ɗau kuka.

Sannan ruwa ya sauka na sosai. Kunkuru ya tona, ya ce, "Ya kai."

Ya fito da irinsa. Sai ga wata tana sanɗa ta bayan gari, da ƙwarya cike da iri. Wace ce? Hawainiya!

Barewa ta tare ta. "Baiwar Allah, ke ba ki shuka ba?"

Ta yi kore, ta yi ja, ta yi fari. Ta ce, "To, ai Baba Kunkuru bai ce ya kai ba."

Wayyo! Aka yi kanta, ta yar da ƙwaryar ta haye bishiya. Kunkuru ya haɗa irinta da nasa, ya raba wa gari tafi-tafi. Da ƙyar aka ga kaka.

Shi ya sa har yau Hawainiya take sauya launi, tana ɓuya. In za ta taka ƙasa kuwa, sai ta ɗaga ƙafa ta tsaya, ta taɓa, ta sake taɓawa. Dubawa take ko ya kai.

Duk wanda ya ce muku babu gaskiya, kada ku yi gardama da shi. Ku leƙa ku ga ko ya shuka nasa irin.

Ƙurunƙus! Kan ɓera naku, geron nawa.