Ɗan Maraƙin Kurciya

Ranar Laraba, sha biyu ga Yuni, 1985, gari ya waye da sanyin ruwan da aka kwana ana yi, raɓa kwance a kan sabuwar ciyawa. Ku saurara da kyau, domin ku za ku yanke hukunci.

Malam Sambo yana jinya a Jos wajen ƙanwarsa. Saniya ɗaya ta rage masa, Kurciya, tana da tsohon ciki. Kafin ya tafi ya ce wa 'ya'yansa uku, Barau da Tanimu da Ladidi, wanda ya fi kula da ita shi ne mai maraƙin. A safiyar nan Kurciya ta tsinke igiya da yunwa, ta faɗa gonar wake. Ɗanyen ganye mai laushi, jiƙe da raɓa, in ya sauka a cikin da ba komai, kumfa yake yi ya tare iska, dabba ta kasa gyatsa.

Tanimu ne ya bi sawunta. Ya same ta tana nishi, kwiɓinta na hagu ya tashi ya yi tauri kamar ganga. Ya fitar da ita daga gonar, ya ɗora ƙafafunta na gaba a kan tudu, ya gitta mata kara a baki don ta riƙa tauna. Sau uku tana neman durƙushewa, yana tokare ta da kafaɗa yana ƙwala kira. Da ta kwanta, da shi ke nan.

Barau ya iso harshenta ya riga ya fito. Sau ɗaya ya taɓa ganin an huda kwiɓin saniya, amma ya zaro wuƙa.

"Yaya, in ka kashe ta fa?" in ji Tanimu.

"In na tsaya ina sauraronka ma mutuwa za ta yi. Riƙe ta!"

Ya auna wurin da tafin hannu, ya soka wuƙa, ya zura bututun gora. Iska ta fito da ƙara, saniyar ta ja numfashi. Can sai kumfa ta toshe bututun, cikin ya sake hawa.

Ladidi tana tsakiyar matsar man gyaɗa ta ji ihun. Ta taɓa jin tsofaffi suna cewa mai yana kwantar da kumfa, sai ta sunkuci kwalba ta ruga ba takalmi.

"Ku matsa mini, kun tsaya kuna kallon juna!"

Ta ɗura man ta bututun kaɗan-kaɗan, ta murza kwiɓin. Kumfar ta faɗa. Kurciya ta yi wata irin gyatsa, sannan ta sake yi.

Bayan kwana ashirin ta haifi maraƙi lafiyayye, gidan kuma ya rasa kwanciyar hankali, har Barau da Tanimu suka daina cin abinci a kwano ɗaya. Mahaifiyarsu, Inna Kuluwa, ta sa aka rubuta wa Malam Sambo wasiƙa, aka bar gurbin suna ɗaya. Sati biyu takardar tana ƙarƙashin tabarmarta. Ranar kasuwa ta sa aka cike gurbin, ta kai gidan waya da kanta ta jefa, ba ta gaya wa kowa ba.

To, da ku ne Inna Kuluwa, sunan wa za ku sa a cikin wasiƙar nan?