Rantsuwa a Kan Hanyar Ruwa

An yi wani mutum a nan Matameye, ba zan kama sunansa ba, don yana da rai kuma yana da dangi. Dattijo ne da ake kira idan gardamar iyakar gona ta tashi. In ya nuna wuri ya ce nan ne, to magana ta ƙare, kowa ya kama gabansa.

A bayan gari akwai wani tudu mai gawo da kalgo, a gindinsa kuma lambunan rake. Wani attajiri, Alhaji Sa'adu, ya saye gonakin tudun, ya ce zai sare itatuwa ya yanka filaye a gina unguwa. Masu lambu suka ce ba su yarda ba, itatuwan nan su ke riƙe da yashi, in aka sare su ruwa zai kwaso tudun ya zuba musu. Magana ta kai Damagaram. Aka turo wata ma'aikaciyar muhalli, Madam Najaha, ta duba wurin kafin a ba da izini.

Ta hau tudun, ta ga wani lotsi da ya gangaro daga sama har ƙasa, yashi ya cike shi. Ta ce wannan ya yi kama da tsohuwar hanyar ruwa. Mutanen Alhaji suka ce burtali ne, ƙafar shanu ce ta lotsa shi. Aka yi ta ja, aka kasa rabewa. Sai aka tara jama'a a ƙofar ofishin magajin gari, aka ce a tambayi wanda ya fi kowa sanin ƙasar.

Mutumin nan ya sani. Yana saurayi ya ga ruwa ya sauko ta wannan lotsi, ja wur, ya tafi da jakin mahaifinsa. Amma kafin taron, Alhaji ya riga ya ziyarce shi, ya yi masa kyautar fili can ƙololuwar tudu, inda ruwa ba ya tsayawa. Dattijon ya ce wa zuciyarsa an daɗe ba a ga irin wancan ruwa ba, wa ya san zai dawo?

Madam Najaha ta ce, “Baba, don Allah, ka taɓa ganin ruwa ya bi nan?”

Ya ce, “Wallahi tun da nake ban taɓa gani ba. Burtali ne.”

Madam Najaha ta koma ta gaya wa manyanta hankalinta bai kwanta ba. Suka ce ga shaidar dattijon gari, me kuma ake nema? Izini ya fito, katafila ta hau tudu.

Mutumin yana da ɗa, Muntaka, tela ne mai zuwa cin rani Kano. Shi ya ba filin. Muntaka ya ga wurin ya yi nisa da hanya, ga shi yana son buɗe shagon ɗinki, sai ya yi musaya da wani fili a ƙasa, tsakiyar lotsin nan. Ya zo da murna ya gaya wa mahaifinsa.

Dattijon ya ce, “Wurin nan fa...” sai ya tsaya.

Muntaka ya ce, “Ai Baba kai ka rantse burtali ne. In kai ka faɗa, ni me zan ji tsoro?”

Dattijon ya ce, “Haka ne.”

Ya 'yan uwa, a nan ƙofar tuba ta buɗe masa. Me zai rasa in ya faɗi gaskiya? Fili ne, da girman da ake ba shi a majalisa. Ya zaɓi girman.

Muntaka ya gina, ya tare da matarsa Basira da jaririyarsu Anisa. Damina ta farko ta wuce lafiya, har dattijon ya fara yarda da ƙaryarsa. A ta biyu, wata rana bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas. Muntaka yana gona. Ruwa ya sauko tudun da babu itacen da zai tare shi, ya bi tsohuwar hanyarsa, ya ture bangon ɗaki. Washegari aka tono Basira daga cikin yashin da ya binne lambunan rake, da goyonta a baya.

A zaman makoki yayar dattijon, gwaggon Muntaka, ta zo daga Tsauni. Ta ga wurin, ta dubi ƙanenta a gaban jama'a ta ce, “Ba nan ne ruwa ya ci jakin Baba ba? Kana tsaye fa!”

Muntaka ya ji. Bai yi faɗa ba, bai tambayi kome ba. Da aka tashi makoki ya durƙusa ya yi wa mahaifinsa sallama, ya hau mota. Har yau ko damina ba ta dawo da shi.

Dattijon bai yi kuka ba. Ya nemi hawaye, ya rasa. A kawo tuwo ya ci, bai san ko da gishiri ba. Yakan zauna a dakali daga hantsi har inuwa ta juya, a gaishe shi ya amsa. Ba wanda ya zage shi. An dai daina kiransa.

Da azumi ya ƙarato, bayan magariba ya ɗaga kai ya ga jinjirin wata, sarai. Ya taka zuwa masallaci ya ce wa liman, “Malam, na ga wata.”

Liman ya ce, “Madalla, Baba. Akwai wani da ya gani?”

Dattijon ya juya gida. A wannan karon gaskiya ya faɗa, amma ba ta da inda za ta zauna.

Ya 'yan uwa, shaidar zur tana cikin manyan zunubai, kuma mai yin ta ba shi ke zaɓar wanda za ta faɗa wa ba. Wanda ya fi yarda da kai shi ne zai fara gini a kan ƙaryarka. In an kira ka shaida, kan gona ne ko kan fili, ka faɗi abin da idonka ya gani ko da za ka tashi hannu wofi. In kuma ka riga ka karkace, ka gyara tun ana iya gyarawa.

Allah ya ji ƙan Basira da 'yarta. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye harsunanmu daga rantsuwar da za ta ci 'ya'yanmu. Amin.