Almakashin da Rikizo Ke Zanawa

Akwai wani dattijo a garinmu na bakin teku, nan arewacin Japan, mai suna Rikizo Hatakeyama. Shi ne shugaban masu aikin igiya da kaya a wani jirgin ruwa na bincike. Matarsa Fumie mai aski ce, kullum almakashinta na cikin aljihun rigar aikinta. Ranar da teku ta hau kan gari, Fumie na shago. Ba a ga gawarta ba, ba a ga ko takalminta ba.

Tun daga nan Rikizo ya ƙi zaman gida. Jirgin nasu can yake zuwa saman babban ramin teku, inda falalen ƙasa ɗaya ke kutsawa ƙarƙashin ɗaya, wato tushen girgizar ƙasar da ta turo ruwan. A wurinsa kowace tafiya ziyara ce ga Fumie. Raba shi da jirgin nan, raba shi da ita ne karo na biyu.

Aikin jirgin ba wuyar fahimta. Ana ɗaura wa na'urori ƙarfe mai nauyi, a sake su su nutse har ƙasa. Sai jirgi ya ja doguwar waya da ke tura lantarki cikin duwatsu, na'urorin suna nan suna aunawa, don a gano inda ruwa ya taru a ƙarƙashin ƙasa, inda ake tsoron za ta sake zamewa. In an gama, sai a aika musu da ƙara daga sama. Kowace ta amsa da ɗan fito, ta saki ƙarfenta, ta taso. Ƙarfen kuwa can yake zama har abada.

Duk lokacin da za a yi kiran, sai ka ga Rikizo ya bar aikinsa ya tsaya bakin ƙofar ɗakin na'urori, hula a hannu. Ya taɓa ce wa Tokuo mai girkin jirgin, "Nan ne kawai na ga ana kira cikin ruwan nan a amsa."

Mutanen gaɓarmu suna da al'ada tun kakanni: in ƙarfe ya faɗa teku, wuƙa ce ko ƙugiya, mai shi zai zana hotonsa a takarda ya kai ɗakin bauta na kan tudu ya liƙa, neman afuwar teku ke nan. Rikizo yakan zana kowane ƙarfe da jirgi ya bari a ƙasa. Kuma a kusurwar kowace takarda yakan ƙara ɗan almakashi. Ƙarfe ake zanawa a al'adar, ba mutum ba, shi ya sa ya zana abin da ya tafi tare da ita.

Wata shekara aka turo sabon shugaban masu bincike daga Tokyo, Dakta Kuroiwa. Ilimi kam yana da shi, ba wanda ya musa. Amma mutum ne da ba ya tambaya, don a ganinsa ya riga ya san amsa. Ranar farko ya ga Rikizo a bakin ƙofa ya ce, "Nan ba gidan kallo ba ne. Koma kan igiyoyinka."

Rikizo ya rusuna ya koma.

Ana cin abincin rana wata rana, Rikizo ya shimfiɗa takardunsa a gefen tebur don tawada ta bushe. Kuroiwa ya ɗauki ɗaya yana juyawa a gaban ɗalibansa.

"Ku zo ku ga zane. Mu muna auna ƙasan teku, shi yana rubuta mata wasiƙar ban haƙuri! To wannan almakashin fa, tsoho? Kifaye za ka yi wa aski?"

Ɗalibai biyu suka yi dariya. Ma'aikatan jirgi kowa ya sunkuyar da kai cikin kwanon shinkafarsa.

Tokuo ya leƙo daga kicin, ya kira Kuroiwa da Sensei, wato Malam. "Sensei, don girman iyayenka ajiye takardar nan. Almakashin nan ai..."

"Kai kuma wa ya sa da kai? Miyarka ma gishiri ya yi mata yawa."

Jirgi ya ɗan karkata, miya ta zube a tebur. Kuroiwa ya dunƙule takardar ya goge miyar da ita.

Rikizo, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, idonsa ya rufe. Ya miƙe ya shaƙe wuyan rigar Kuroiwa ya haɗa shi da bango. Bai doke shi ba. Ya sake shi da kansa.

Dokar jirgi a bayyane take: ma'aikacin da ya kai wa baƙo hannu, in baƙon ya kai ƙara, sai sauka. Kyaftin ya roƙi Kuroiwa ya bar maganar. Rikizo kuma ya je har ɗakinsa, dattijo da furfura, ya durƙusa ya kai goshinsa ƙasa.

"Sensei, na yi laifi. Ka yi mini duk hukuncin da ka so, amma kar a sauke ni daga jirgin nan. Ina da wani a ruwan nan."

Kuroiwa ko ɗago kai bai yi ba. "Kowa ma yana da wani abu. Rufe mini ƙofa in ka fita."

Ni dai har yau in na tuna wannan amsar raina ɓaci yake. Tambaya ɗaya tak ta rage masa, "wane ne?", amma girman kai ya hana.

Kuroiwa ya kai ƙara, aka sauke Rikizo. Ya koma gidansa na kan tudu, inda ake hango teku daga taga amma ba a isa gare ta.

Da bazara ta zagayo jirgi ya koma ɗauko na'urorin da aka bari su yi dogon awo. Duk suka amsa suka taso, sai ɗaya, wadda ke wuri mafi zurfi, wadda Kuroiwa ya ɗora duk burinsa a kai. Aka kira, shiru. Aka matsa da jirgi aka sake kira, shiru. Kuroiwa ya ture ɗalibinsa ya zauna da kansa, abin sauraro a kunne, yana danna maɓalli yana jira. Ya ƙi ci, ya ƙi tashi. Washegari iska ta fara, kyaftin ya ce dole a juya.

"Sau ɗaya kawai, kyaftin. Tana nan ƙasa, na san tana nan. A bar ni in ƙara kira sau ɗaya."

Tokuo ya ajiye masa shayi a gefe. "Da ciwo ko, Sensei? Ka san abu yana ƙasa, ka kira, ya ƙi amsawa."

Kuroiwa ya ɗago jajayen idanu.

Tokuo ya ci gaba, "Kai na'ura kawai kake kira, tun jiya. Rikizo matarsa yake kira, tun ranar ruwa. Almakashinta ne ka goge miya da shi."

Jikin Kuroiwa ya yi sanyi. Jirgi ya juya ya koma tasha.

Kuroiwa na sauka ya nemi gidan Rikizo. Ya tsaya bakin ƙofa ya kira, "Hatakeyama-san!" Ya sake kira. Wata tsohuwa maƙwabciya ta fito tana goge hannu.

"Ɗana, wa kake nema? Ai Rikizo tun lokacin sanyi ya rasu. A kujerarsa ta bakin taga muka same shi. Tun da aka sauke shi daga jirgi bai ƙara zama mutum ba."

Kuroiwa ya haura ɗakin bauta. Bangon cike yake da takardu, wuƙaƙe da ƙugiyoyi da anga ta tsayar da jirgi, wasu sun yi ja don tsufa. Na Rikizo ba su da wuyar ganewa, kowace da ɗan almakashinta a kusurwa.

Ya roƙi mai kula da wurin takarda da alƙalamin tawada. Bai iya zane ba, na'urar tasa ta fito a karkace. Ya daɗe yana kallon kusurwar da ba komai. Sannan ya zana almakashi, ya zana 'yar wuƙar yankan igiya irin wadda Rikizo ke ratayawa a ƙugu, kusa da juna.

Ya liƙa, ya rusuna, ya ce, "Ka yafe mini." Ya tsaya yana jira kamar yadda ya saba jira a jirgi. Ba a amsa ba.

Darasi: Kafin ka yi wa abin da wani ya riƙe dariya, tambaye shi me ya sa ya riƙe. Akwai ban haƙurin da in ka jinkirta shi, ba za ka sami mai karɓa ba. Tura wa wanda ka san ya ɓata wa wani rai, ko zai je tun ana iya amsa masa.