Zanen Uwar Tabawa

Kai Sanusi, rufe mini baki. Ka ɗaura wa mutum tsohon ƙarfe a babur ka ce masa sabo ne, sannan ka zo tsakar gida kana dariya, wai wayo? Ku zauna dukanku. In na gama kowa zai ba ni amsa.

An yi wata mata, Tabawa, da aure ya kai ta gari mai nisa. Shekara tara ba ta ga uwarta ba. Kullum sai ta ce bayan kaka za ta je, har ranar da aka zo mata da labarin rasuwa, da zane guda a ƙunshe. Shi ne saƙar tsohuwar ta ƙarshe, fari da baƙi da jan layi ɗaya, gefensa a karkace domin ido ya riga ya yi rauni. Tabawa ba ta ɗaura shi. In kewa ta taso mata, sai ta shimfiɗa shi a cinya, tana bin karkatar nan da yatsa, tana cewa a nan Inna ta gaji.

Da damina zanen ya yi danshi. Ta wanke, ta aika wa Ɗanbala mai bugu ya buge mata shi ya kwanta. Ɗanbala ya ga saƙar da babu irinta a kasuwa, ya aiko cewa ɓarayi sun ɗauke. Tabawa ba ta yi faɗa ba. Abinci ne kawai ya daina shiga.

Ɗanbala ya fara kai zanen wurin Jatau marini, ya ce a tsoma shi a baba ya koma baƙi ƙirin. Jatau ya ɗaga shi a rana ya ce, "Mai wannan ba zai so a kashe layin nan ba. Kawo shi ya faɗa da bakinsa." Ya ƙi rinawa, ya rasa abokin aikin shekara ashirin. Amma bai gaya wa kowa ba, domin a ganinsa zato ba shaida ba ne.

Ɗanbala ya kai wa Na'Allah tela, ya ce a yanka a ɗinka riga, akwai baƙon da zai saya kafin ya bar gari. Na'Allah ya ga inda hannun mace ya shafe gefen har ya yi laushi, almakashi ya ƙi ɗaguwa a hannunsa. Tsoron rigima ya hana shi cewa a'a. Sai ya shiga cewa gobe, jibi, keke ya lalace, har baƙon ya tafi. Ƙarya ya yi, mako uku cur, mutumin da ba a taɓa kama shi da saɓa alkawari ba.

Ɗanbala ya karɓe zanen, ya ba matarsa, ita kuma ta ba Kande dillaliya. Kun san dillaliya ba ta faɗin gidan da kaya suka fito, da wannan rufin asirin take cin abinci. Kande ta shiga gidan Tabawa da tallan kwanuka, gefen zanen ya leƙo daga ƙunshi. Tabawa ta durƙusa ta kifa fuska a kai.

"Gwaggo, don Allah wa ya ba ki?"

"'Yar nan, ba a tambayar dillaliya wannan."

"Na uwata ne. Ko gawarta ban gani ba."

Sai Kande ta faɗi sunan matar Ɗanbala. Daga ranar gidaje da yawa suka daina ba ta kaya, suka ce bakinta ba ya riƙe magana.

Ɗanbala kuwa, dattawan masu bugu suka karɓe guduma da gungumensa a gaban jama'a. Babu wanda ya sake ba shi ko ɗankwali. Ya ƙare yana dakon itace a garin da ba a san shi ba.

Tabawa tana da tunkiya ɗaya tak, ta ce ta wanda ya ceto mata zane ce. Da an rina, da ba ta gane shi ba. Da an yanka, da ya bi baƙo. Da Kande ta yi shiru, da ta sayar wa wata.

To, mai ƙin aikin da ya yi gum, da mai ƙaryar da ya hana almakashi, da mai tona asirin da ta faɗi gaskiya, wa za a ja wa tunkiyar? Sanusi, kai za ka fara.