Baitin da Aka Yanke

An yi wata mace mai suna Rifkatu, wadda tashin hankali ya kore ta daga ƙauyensu. Kwana uku ta yi tana tafiya a ƙasa da jariri a bayanta kafin ta iso gari. Nan ta zauna tana suyar ƙosai a bakin hanya, ta kuma shiga wata ikilisiya.

Da Kirsimeti ya matso, Rifkatu ta shirya waƙa tata ta kanta, mai ba da labarin haihuwar Yesu daki-daki: zuwan mala'ika, komin dabbobi, makiyaya, da masanan da suka zo daga gabas. Baiti na biyar kuwa na Hirudus ne, da kukan uwayen Baitalami, da yadda Yusufu ya ɗauki Maryamu da ɗan suka gudu Masar. Wannan baitin ya fi ba ta wuya.

Malam Habila, shugaban mawaƙa, ya ji waƙar ya yaba ƙwarai. Ya kwashi mawaƙa duka zuwa situdiyo, har da ita, aka ɗauki waƙar daga farko har ƙarshe.

Ranar Kirsimeti majami'a ta cika maƙil. Aka sa waƙar a lasifika, jama'a suka miƙe suna rawa. Rifkatu tana ƙirga baitoci a ranta. Na huɗu ya wuce, sai ganga ta ɓarke, aka koma amshi, waƙa ta ƙare. Babu na biyar.

Ta fusata. Ta ratsa mutane ta tsaya gaban Habila.

“Malam, ina baitin gudu?”

“Haba Mama, yau ranar murna ce. Wa zai yi rawa da kukan uwaye? Ni na ce a cire.”

“Ka ce a cire? To, ɗauko Littafi ka yage Matiyu sura biyu ma! Ni da na goya ɗa na ratsa daji, wannan baitin ne ya gaya mini Ubangijina ma an goya shi an gudu. Shi za ka cire mini?”

Ba ta jira amsa ba. Ta juya ta fuskanci jama'a, ta ɗaga murya, ba ganga ba molo:

“Tashi, Yusufu, ɗauki ɗan,
Hanya da nisa, Allah na nan.”

Daga kujerun baya wata tsohuwa ta miƙe ta kama amshi. Sai wani, sai wata, har suka haura talatin, dukansu waɗanda aka koro daga gidajensu. Shekara biyu Habila yana tsayawa gabansu kowace Lahadi, bai taɓa sanin suna da yawa haka ba. Ya zauna ya sunkuyar da kai. Kafin sabuwar shekara ya koma situdiyo, aka mayar da baitin.

To, ga ma'anar misalin nan. Waƙar, ita ce Bishara. Habila kuwa mu ne, duk lokacin da muka zaɓi wurin daɗi muka binne sauran. Muna son mala'iku da kyautai da shinkafa da sabon ɗinki, amma mu ji an ambaci Hirudus sai mu ce a ƙara sautin ganga. Wa ya ba mu wannan izini? Abin kunya ne a gare mu! Allah bai ɓoye cewa Ɗansa ya yi gudun hijira ba.

'Yan'uwa, idan za ku rera labarin Yesu, ku rera shi duka. A kujerar bayanku akwai wanda bai zo don rawa ba. Ya zo ne ya ji ko Allah ya san abin da ya same shi.