Albasar Cindo da Saniyar Tabawa

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa wani attajiri, Mantau, ya saki matarsa Tabawa. Aka raba kaya lafiya lau, sai kan wata jar saniya da 'ya'yanta aka tsaya. Ita ta ce ubanta ya ba ta, shi ya ce sayenta ya yi.

Magana ta kai gaban sarki. Mantau ya sa aka kirawo Cindo shaida, wani mai lambun albasa can bakin kogi, wai a gabansa aka yi cinikin. Cindo ya yi ta zarya. Duk ranar da ya zo, sai Mantau ya aiko wai kansa na ciwo, a ɗaga. So yake Tabawa ta gaji ta haƙura. Albasa kuwa ba ta jiran shari'a, ganyenta har ya soma kwanciya.

Ran nan Cindo ya faɗi gaban sarki, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban auri kowa ba, ban saki kowa ba, amma lambuna ne ke mutuwa."

Sarki ya dubi waziri. "Wa zai ɗauki wannan hasara?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, an ce wasu 'yan kokawa biyu suka rasa fili, suka shiga gonar wata tsohuwa. Suka yini suna kai ruwa rana, ba wanda ya kayar da wani. Da yamma suka karkaɗe riguna suka tafi. Tsohuwa ta dubi geronta kwance, ta ce ashe ita aka kayar."

Sarki ya ce, "Na ji." Ya sa aka zo da Mantau, ya ce, "Daga yau, wanda ya kira shaida shi zai tsare masa aikinsa. Mantau, gobe da asuba ka tafi ka ja wa Cindo jigo, ka ba albasa ruwa har ya dawo."

"Ranka ya daɗe, in aiki barana?"

"Baranka ne ya kira shi?"

Mantau ya dubi tafin hannunsa mai laushi, ya yi gyaran murya. "Af, yanzu na tuna. Surukina ne ya ba ta."

Tabawa ta ce, "Sannu da ciwon kai, Alhaji."

Cindo bai tsaya jin dariyar fadawa ba. Takalmi a hannu ya isa lambu, ya tarar da sauran rai a ganyen, ya kama jigo.

Masu hikima suka ce, in biyu za su rabu, kada su rabu a kan wuyan na uku.