Ranar da Salamatu Ta Jingine Hauya

A wani ƙauye arewa da Barmu, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, an yi wani mutum ana ce masa Ciɗo. Ya ɗan yi karatu wajen 'yan mishan, ya dawo yana jagorantar Kiristocin ƙauyen, waɗanda inuwar aduwa ɗaya ta ishe su zama. Ciɗo ba mugu ba ne, amma kai, akwai son a ce ya sani! In ya karanta layi biyu sai ya rufe littafi, sauran daga kansa za su fito.

Wata Lahadi, hatsi ya tsiro, ya karanta musu misalin da Yesu ya bayar na mai gonar da magabci ya watsa wa ciyawa cikin alkama, shi kuwa ya hana barorinsa cire ta sai ranar girbi, sannan a tara ta a ɗaure dami-dami.

Salamatu, wata tsohuwa mai riƙon jikokinta marayu, ta ce, "Malam, to mu da ke shirin noman fari hwa? Hauya ta zama zunubi ke nan?"

Ciɗo bai sani ba. Amma ido na kansa, kuma "ban sani ba" ta fi ƙarfin bakinsa.

"Haka aka rubuta, Inna. Mai cikakkiyar bangaskiya ya jingine hauya."

Washegari kowa ya sulale ya nome gonarsa. Ta su Ciɗo ma gandu ce, wansa ya nome ta tas ba tare da ya tambaye shi ba. Salamatu kaɗai ta jingine hauya.

Da ƙarangiya ta fara shaƙe mata hatsi, hankalin Ciɗo ya tashi. Ya koma ya buɗe Linjila, ya karanta gaba kaɗan, sai ga shi Yesu da kansa ya fassara misalin: gonar duniya ce, ciyawar mutane ce, girbin ranar ƙarshe. Babu ruwan hauya a ciki! Ciɗo ya je har ƙofar gidan Salamatu, kunya ta komo da shi, ya ce sai gobe. Goben ta yi ta ja, tuwo ya daina shiga masa.

Rannan ta tare shi a hanyar rijiya. "Malam, hatsin nan sai ja yake yi. Ko bangaskiyata ce ba ta kai ba?"

"Ki ƙara haƙuri, Inna," in ji shi, yana kallon ƙasa.

Kaka ta yi, rumbunta wayam. Dangin uban yaran suka zo daga Tawa suka kwashe su, tunda babu abin ci da su. Ran Lahadi sai ga Salamatu da damin ƙarangiya a ka, ta dire shi gaban Ciɗo, hannuwanta duk ƙaya.

"Malam, ga ciyawar na ɗaure yadda aka ce. Hatsin ne ban gani ba. Don Allah nuna mini inda na kuskure."

Ciɗo ya durƙusa yana kuka. "Ba ke ba ce, Inna, ni ne. Na san gaskiya tun hatsi na da sauran rai, na yi shiru."

Tsohuwa ta dube shi ta ce, "To wa zai gaya wa yaran?"

Darasin shi ne, duk wanda aka ba amanar koyarwa ya karanta magana har ƙarshenta kafin ya fassara. In bai sani ba ya ce bai sani ba, in ya yi kuskure ya gyara tun da sauran lokaci. Kunyar da malami ya guje wa, wanda ya fi kowa yarda da shi ne yake biyan ta.